Wurin Baba a Bakin Ƙofa

A ɗakinmu na masu jiran shari'a, a gidan yarin Bauchi, iska ma gadonta ake yi. Sabon shiga, kamar yadda aka yi mini ranar da aka raba ni da kekena a Yelwa, kusa da bokitin bahaya yake kwana. In wani ya fita, kowa ya matsa gaba kaɗan. Wanda ya fi daɗewa shi ke samun bakin ƙofa, inda iska ke shigowa ta tsakanin ƙarafuna.

Baba ne a wurin, wani kafinta Kirista daga kudancin jihar, mai tarin da ba ya barinsa ya ƙarasa magana. Shekaru ya yi yana matsawa kafin ya kai. Da kansa yake cewa iskar nan ce ke riƙe da ransa.

Kiran ganduroba iri biyu ne. Suna kawai, kotu ce, za ka dawo. In ya ƙara da "da kayanka", an sallame ka ke nan, kuma al'ada ce ka rabar da komai.

Wata rana da azahar, zafi kamar a bakin murhu, aka kira Baba da kayansa. Wallahi har kuka na yi don murna. Ya ba ni bargonsa, ya ba wani kwanon gabzarsa, ɗaki duka ya matsa gaba.

Kafin la'asar sai ga shi an turo shi ciki. Ashe mai irin sunansa ake nema, a wani ɗakin. Ko haƙuri ba su ba shi ba.

Na yi masifa, na ce a mayar masa da wurinsa. Shugaban ɗaki ya ce wanda ya fita da kaya ya dawo sabo ne, in aka karya dokar yau, gobe sai an zubar da jini. Wanda ya gaji ƙofar shi ma ƙafafunsa a kumbure suke. Na rasa wanda zan zaga.

Na ce Baba ya karɓi nawa wurin, ya ƙi. Ya zauna jikin bokiti, tarin ya turnuƙe shi. Da ya lafa, sai ya kama hannuna.

"Ɗana, in sun ƙara kirana, ko da gaske ne, ka ce musu ba ni ba ne."