Allon Ƙararrawar Yaya Umaru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, wanda ya koyar da aikin lantarki a wata cibiyar koyon sana'a a Wurno. Duk tsawon shekarun nan ina jin nauyi a zuciya, ina ganin kamar ya ƙarar da ƙarfinsa a kan abin da ba a buƙata.

Wani allon katako ne ya haɗa da hannunsa. Ya kafa masa na'urar jin hayaƙi biyu, da ƙararrawa, da batir, da wayoyi ja da baƙi. Sai ya kunna tsumma a gwangwani ya kara a ƙasa, ɗalibai su ji ƙararrawar ta ɗauka. Kafin su shigo aji yakan kwance waya ɗaya a ɓoye, ya ce ba mai tafiya gida sai an gano ta. Mu 'yan'uwa dariya muke masa. Ni kaina na taɓa tambayarsa wa zai sa ƙararrawar gobara a garin da wutar ma ba ta zama. Shi dai ya ci gaba da fere waya.

Yau ga sola a rufin gidaje da shaguna, ga batura jibge a ɗakuna. Da yana raye ban san ko murna zai yi ko faɗa ba, don ya tsani haɗin waya na gaggawa.

Bara, bayan an cire albasa, ɗiyata Saratu ta haifi 'ya mace a wani ƙaramin asibiti a Goronyo. Ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallaci, batir ya kama wuta a ɗakin ajiya. Ƙararrawa ce ta ankarar da ungozoma, ta fitar da masu jego da jariransu kafin hayaƙi ya cika baranda. Ɗaki ɗaya ya ƙone, ba wanda ya ji ciwo.

Na nemi wanda ya sa na'urar don in yi masa godiya. Ashe Bello ne, mutumin Dinawa, tsohon ɗalibin Yaya.

"Baba, mi za ka gode mani?" in ji shi. "Yadda Malam yak koya muna ga allo, haka niy yi. Allon ma yana wurina can Rabah, da shi nika koyar da nawa ɗalibai."

Da na dawo Wurno na wuce wurin matar Yaya, Hajo, na ba ta labari. Sai ta ce a kawo mata jaririyar ta ɗauka.

Yaya bai bar gidan siminti ba, gonarsa ma 'yar ƙarama ce. Ya dai bar mutanen da ba sa rufe aiki sai sun gwada shi. Jikata ta fara tafiya a watan jiya. Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya haskaka kabarinsa.