Alwalar Babana

Wata Talata ce cikin daminar 1956, in ban yi kuskure ba, ina aji biyu na elementare, Malam Tanimu mai koya mana addini ya fito da mu gindin durumin makaranta don kowa ya gwada alwala. Da layi ya zo kaina na tsuguna da butar ƙasa, na yi yadda nake gani a gida: da na zo kan kai, sai na ɗan taɓa hulata da jiƙaƙƙen hannu na wuce ƙafa. Yara suka fashe da dariya. Malam ya tsawatar, ya ce shafar kai farilla ce, wanda ya bar ta ba shi da salla. Sannan ya tambaye ni wa ya koya mini haka. Na ce, "Babana."

Ba na jin Malam ya yi nufin tozarta kowa, don na ga ya sunkuyar da kai. Amma magana ta riga ta fita. Yawancin 'yan ajinmu 'ya'yan malamai da 'yan kasuwar birni ne, mu kuwa daga ƙauye muka zo, muna zaune a ɗakin aro wajen Ƙofar Kibo, Baba yana kwaɓa wa magina ƙasa. A filin langa har aka sa mini suna "mai alwalar hula". Wannan bai dame ni ba kamar tunanin sallolin Baba na shekaru, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Da aka tashi Malam ya ja ni gefe ya ce, "Ɗa ba ya gyara wa uba da baki. Ka dai riƙa yin taka kusa da shi."

Haka na yi. Kullum da magariba, bayan na ɗaure awaki na cika randa, sai in tsuguna gefen Baba a ƙofar zaure, in cire hula in ajiye a gwiwa, in shafa kai a hankali har ƙeya, kunya kamar ta kashe ni. Aka yi kwanaki a haka. Ran nan sai na ga ya tuɓe tasa hular, laka duk ta bushe a gefenta, ya shafa kansa. Bai dube ni ba, ya ce, "A gaban mutane aka gane, ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To, madalla da aka gane."

Yanzu jikokina a littafi mai hotuna suke koyon alwala, kuma suna gyara mini karatu kai tsaye, ba tare da wata fargaba ba. Wataƙila hakan ya fi, ban sani ba. Ni dai har yau ban ga wanda ya karɓi gyara kamar mutumin nan ba.