Kawu Sule da Gishirin Wankin Ciki

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Hannu na rawa, ido ya yi rauni, waɗanda zan rubuta dominsu kuma yawancinsu suna ƙasa.

Shayi ne ya fito da ni yau. Wani maƙwabcina a nan Badarawa ya leƙo ya kawo mini kwali guda, wai yana wanke hanji tas, har da hoton hanjin a jiki. Ya ajiye ya fita, ko zama bai yi ba.

Wai ni za a koya wa wankin ciki.

Kafin 'yancin kai, da na gama midil, aka kawo ni Kaduna wurin Kawu Sule, akawu a ofishin gwamnati. Mutum ne mai farin wando da guga, duk abin da ba daga kanti ya fito ba ƙazanta ne a wurinsa. Kowace Asabar da safe sai ya jera mu a tsakar gida, ya dama gishirin Turawa na wankin ciki, kowa kofi guda. Daga nan sai layin salga. Wannan shi ne wayewa. Nono kuwa ya hana shi shiga gidan, wai abincin ƙauyawa ne.

Da damina atuni ya kama ni. Murɗar ciki, zazzaɓi, sai jini. Kawu ya ce datti ne ya taru, ya ƙara mini kofi.

Ranga-ranga aka kai ni babban asibiti. Gadaje a jere, kullum da safe a miƙo ɗan gwangwani a ce in kawo bayan gida a duba. Ƙwayoyi, allura, ƙwayoyi. Jinin ya tsaya, aka sallame ni. Kuɗin ma bai kai abin da Kawu yake kai wa kanti na gishiri ba.

Amma gudawa ta ƙi tsayawa. Duk abin da na ci sai ya wuce kamar ruwa a rariya. Kawu ya ce ragowar maganin asibiti ne, sai an wanke shi. Asabar ta koma Asabar da Laraba. Na rame har ina zagaye cinyata da yatsu. Da kunnena na ji ana shawarar a aika garinmu Zariya a ce mahaifiyata ta zo ta gan ni. Na san ma'anar wannan aike. Ban kai shekara ashirin ba, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Matar Kawu, Inna Hajo, ita ta mayar da ni asibiti yana ofis. Likita ya tambayi abin da ake ba ni a gida, malamin asibiti yana fassarawa. Da ta faɗa, sai ya ajiye alƙalami. Ya ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu taya shi aiki, maganin da ya kashe cutar ya tafi da da yawansu, mu kuma muna share ɗan abin da ya rage. A daina. A ba ni tafasasshen ruwa, kunu, da kindirmo kaɗan-kaɗan.

A hanya Inna ta ce, "Ashe iri ne. Madara ma in ba a zuba mata ɗan tsohon nono ba, ai ba ta zama kindirmo, lalacewa take yi."

Ta gaya wa Kawu. Ya ce malamin asibitin ne bai ji Turanci ba. Asabar ta zo, ya miƙo mini kofi. Inna ta riga ni karɓa, ta juye shi a makwarara a gabansa.

"Malam, in wanki kake so, ga wandunanka can a kwando. Wannan ɗan amana ne."

Ya daina yi mata magana. Ita kuwa ta ci gaba da sayen madara wurin matan Fulani masu zuwa daga wajen Rigasa, ta tafasa, ta sa iri, ta rufe ƙwarya. Ludayi ɗaya, daga baya biyu. Sannu a hankali cikin ya lafa. Ranar da na ci tuwo ya zauna, ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Kawu har ya bar duniya yana gaya wa abokan aiki wankinsa ne ya warkar da ni. Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin jahilci mai guga irin nasa ba.

Yau magadansa sun cika waya. Su sayar maka da shayin da zai share hanjinka, gobe su dawo su sayar maka da ƙwayoyin mayar da abin da suka share. Su ma duk sun sha guga.

Na gode wa Allah da ya ara mini waɗannan shekaru. Allah ya kai rahama kabarin Inna Hajo, ya saka wa likitan nan da ban riƙe sunansa ba.

In ka ga jini a bayan gida, tafi asibiti. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake buƙata, ba abin da zai ƙara masa ita ba. In an rubuta maka magani ka sha yadda aka ce, ka tambayi likita abin da za ka ci bayansa. Madara a tafasa ta kafin a sa iri.

Kwalin yana nan bayan ƙofa, mai shi ya zo ya ɗauka. In ya zo, ya ɗan zauna. Akwai kindirmo.