Dakalin Baba da Sabuwar Kwalta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda maiɗakina take cewa bai kamata namiji ya manta ba. Amma abin da ya same mu shekarar da aka gyara babban layin kasuwa na Ƙaura Namoda, shi kam da shi za a kai ni kabari. Ko yanzu na ji ƙaurin kwalta mai zafi sai shekarar nan ta dawo mini.

Shagonmu na yadi ne, a kan layin da ya taso daga wajen tashar jirgi ya nufi kasuwa. Mahaifina ya kafa shi tun zamanin gyaɗa, lokacin da jirgi ke zuwa a cike ya koma a cike. Ni ƙarshen wannan daɗin na tarar. Gyaɗa ta ja baya, jirgi ya koma sai ya ga dama, masu sayayya suka karkata Shinkafi da Gusau. Layin kansa ya zama abin kunya. Da damina taɓo har idon sawu, mota in ta kuskura ta shigo sai an taru an tura ta. Sai mu wuni muna korar ƙuda daga kan atamfa muna kallon juna. Saboda haka da aka ba mu jiha, kowa jikinsa na rawa, mu 'yan kasuwa muka yi ta sintiri ofishin ƙaramar hukuma har aka ce za a faɗaɗa layin, a zuba kwalta, a ja lambatu na siminti hagu da dama. Ina cikin masu zaƙewa a wannan nema, kuma har gobe ina ganin layin yana bukatar gyaran.

A lokacin Baba ya daɗe da rasa ganinsa, shagon ya dawo hannuna. Sai dai makanta ba ta zaunar da shi gida ba. Kullum da hantsi zai ɗauki sandarsa da buzunsa ya fito shi kaɗai, hannu ɗaya yana shafa bango. Layin nan kowane shago da dakalinsa na ƙasa da rumfarsa, kuma Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannunsa. Ya san dakalin mai goro da ya zaizaye a gefe, ya san ginshiƙin rumfar wani Ibo mai kayan keke da ya girma tare da mu a layin, ya san inda ƙasa ke gangarawa kafin a iso namu. Yana tafe yana tsokanar mutane, suna ramawa. In ya iso sai ya shimfiɗa buzu a kan dakalinmu ya zauna, ba ya tashi sai salla.

Ba awo yake yi ba, ba yanka yake yi ba, amma rabin cinikinmu a kan dakalin nan ake ƙulla shi. Mutanen ƙauye, musamman Fulanin wajen Gurbin Ɓore, ba shago suke zuwa ba, wurin Maigida suke zuwa, don haka suke kiransa. Su durƙusa su gaishe shi, ya tambayi shanu da yara da ruwan bana, sannan a waiwayo gare ni a ce in yanko baƙin yadi. Babbansu wani dattijo ne dogo, marar yawan magana, da muke kira Arɗo.

Da bazara aka zo da jan fenti aka shata iyakar titi. Duk dakalan layin da rumfunan suka faɗa ciki. Na gaya wa Baba da dabara, sai ya tambaye ni ko kwaltar a kan dakali motoci za su bi. Na yi dariya kawai. Ba a jima ba katafila ta shigo, kafin azahar ta share abin da mutane suka yi shekaru suna zama a kai.

Washegari Baba ya fito kamar kullum. Ya miƙa hannu, babu bango inda ya san bango. Ya ɗan matsa, ƙafarsa ta zurma ramin lambatu. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai da ƙujewa a ƙwauri. Da ƙafar ta warke na ce zan riƙa zuwa ina riƙo masa sanda muna tahowa tare. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Ni ba a jan sandata. In na kai ga a ja ni, to zamana gida ya hi."

Haka ya zauna. Akwai wani ɗan ɗaki da ƙofarsa ke cikin zaurenmu, an kare ta da asabari, nan ya koma da buzunsa. Mutumin da ba ya iya wuni bai zolayi wani ba ya koma sai a gaishe shi ya amsa a taƙaice. Abinci a kai masa a dawo da shi kusan yadda aka kai. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina. In ina shago hankalina na gida, in na zo gida na zauna kusa da shi sai in kasa zama, in tashi in koma shagon da babu kowa. Aikin titi ya yi ta ja, yau a ce siminti ya yanke, gobe a ce injin ya lalace. Tulin tsakuwa a ƙofar kowa, mai son shiga shago sai ya bi ta kan katako yana tangaɗi. Ciniki da muke kuka da shi a da, sai ga shi muna cewa ina ma ya dawo yadda yake. Na rame, Baba ya fi ni ramewa, kuma na san in aka ci gaba haka ba zai kai kaka ba.

Ana cikin haka aikin lambatu ya iso daidai ƙofarmu, aka zuba siminti aka ce kada kowa ya taka. Abin ya faɗo ranar kasuwa. Tun da aka kafa shagon nan ba a taɓa rufe shi ranar kasuwa ba, amma ranar na bar shi a garƙame na tafi Gusau saro kaya. Ashe Arɗo ya shigo gari a wannan rana, bayan ya daɗe bai zo ba. Ya tarar babu dakali, babu buzu, babu Maigida, ga ƙofa da kwaɗo. Da wani ne, da ya tsaya ya tambayi maƙwabta. Shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ya tambayi ko wane ya mutu ba, kuma a ganinsa abin da ido ya gani ya isa. Ya juya ya koma ruga ya shaida wa mutanensa. Duk wannan daga baya na sani.

Kasuwar da ta zagayo, an gama zuba kwalta a ɓangarenmu, baƙa wuluk tana ƙauri a rana. Na baro Baba da safe ya ture kunu ya ce ba ya sha. Ina zaune a shago ina ta juya wannan a raina, sai ga maƙwabcina Ibo mai kayan keke ya shigo idonsa jajur. Ya ci karo da Fulanin a bakin layi suna tafe a jere, ya tambaye su ina zuwa, suka ce gidan Maigida za su gaisuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Maƙwabci, rufe shago ka tafi gida. Allah ya ba ka haƙuri."

Ban rufe shagon ba. Ban ma san takalmina ɗaya ya fita ba sai da kwalta ta fara cin tafin ƙafata, kuma ban tsaya ba. 'Yan kabu-kabu na yi mini magana ban ji me suke cewa ba. Abin da ke kaina kawai shi ne kwanon kunun nan, da yadda na fita ban ƙara lallashinsa ba.

A ƙofar zaure na tarar da takalma da sandunan kiwo an jingine. Ciki maza ne zaune a kan tabarmar da maiɗakina ta turo musu daga cikin gida, tun da ba ta fitowa wurin baƙi maza, ba ta kuma san abin da ya kawo su ba. Ga ƙwaryar gero, ga kwalbar man shanu. Na nufi ciki, Arɗo ya kama hannuna ya zaunar da ni. Na dai lura ba na jin kukan mata daga cikin gida, amma ban iya haɗa komai da komai ba.

Arɗo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe haka Allah yay yi da Maigida. Mu ba a hwaɗa muna ba, sai da munka gani." Sai mutumin nan da ban taɓa jin ya haɗa zance mai tsawo ba ya shiga magana. Ya ce tun yana saurayi, ranar da ya fara shigowa Ƙaura yana tsoron mutanen gari, Maigida ne ya fara ce masa zauna. Ya ce ba su taɓa barin ajiya a hannunsa suka dawo suka tarar an taɓa ba. Ya ce shekarar da matarsa ta kwanta asibiti, a wannan zauren suka sauka har ta tashi, ba a taɓa nuna musu an gaji ba. Ya ce shi yanzu bai san wurin wa zai zauna ba in ya shigo gari. Ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, ya ce Allah shi jiƙan shi.

Daga bayan asabari aka ce, "Amin. Ci gaba, Arɗo, ina saurare. Ashe haka nike gare ka, ba ka taɓa hwaɗa man ba."

Wani saurayi daga cikinsu ya yi tsalle ya yi waje ko takalmi bai ɗauka ba. Arɗo ya daskare da hannu a sama. Ni kuwa rarrafawa na yi na yaye asabarin, na ga Baba zaune a kan buzunsa, ga kwanon kunu a gefe, fuskarsa jiƙe da hawaye amma yana murmushi. Na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun. Da aka gane yadda abin ya faru zaure ya kaure da dariya, Arɗo ya ja malfarsa ya rufe fuska don kunya.

Baba ya ce a bar dariya. "Mutanen ga ba su yi ƙarya ba," in ji shi. "Sun zo wurin da nike zama ba su ishe ni ba. Mi yar rage?" Sai ya lalubo buzunsa ya naɗe, ya miƙe tsaye, ya ce wa Arɗo ya miƙo masa bakin sandarsa. "Kai kak kashe ni, kai za ka maishe ni kasuwa."

Ni da ya hana in riƙe masa sanda, ina baya ina ɗingishi da takalmi ɗaya. Arɗo na gaba, Baba na riƙe da sandar kiwo, sauran Fulani na biye, a tsakiyar sabuwar kwalta. Babura suka riƙa kaucewa. Mutane suka fito ƙofar shagunansu, waɗanda labarin mutuwar ya riga ya kai gare su suna salati, maƙwabcina Ibo ya ɗora hannu biyu a ka. Baba yana ta tambaya, nan ina ne, mai goro yana ina yanzu, wannan faɗin duk hanya ce? Da muka iso na ce ya shigo ciki ga kujera. Ya ce shi bai taɓa zama cikin shago ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a kan murfin lambatu, ya zauna a nan, rana na dukansa don babu rumfa. Ranar na yi cinikin da na daɗe ban yi irinsa ba, kuma da muka koma gida ya cinye tuwonsa.

Na so a ce daga nan komai ya daidaita. Bai daidaita ba. Layin bai sake zama nasa ba, ba ya fita sai ranar da Arɗo ya shigo gari ya biyo masa. Sauran kwanaki yana bayan asabari yana tambayata saura kwana nawa kasuwa. Da ruwa ya ɗauke, Fulanin suka yi nisa da shanu, zuwan ya yanke. Bayan kaka Baba ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba, Allah ya karɓi abinsa.

Na aika ƙauyuka ta bakin direbobin da ke bin hanyar Zurmi. Saƙon ya isa, amma duk inda aka faɗa sai a yi dariya a ce ai an taɓa jin wannan. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka watse, ko mutum ɗaya daga wajen Gurbin Ɓore bai zo ba.

Sai da aka kwana biyu, wata ranar kasuwa, layi cike da motoci da mutane kamar yadda muka yi ta fata, na ɗaga kai na ga Arɗo tsaye a ƙofar shago da kwalbar man shanu a hannu. Yana murmushi ya ce an sake kai musu ƙaryar nan, shi ya ce ba a yi masa sau biyu. Ya ce in ba shi wuri ya aje kaya, zai je ya taho da Maigida. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya aje kwalbar a hankali, ya zauna a kan murfin lambatu, ya sa sandarsa a kan cinya. Har aka yi la'asar yana zaune a nan, ni kuma ban auna wa kowa yadi ba.

Layin ya farfaɗo, ba zan yi ƙarya ba, da shi na ciyar da iyalina na aurar da 'ya'yana. Amma na koyi cewa in za a gyara wuri, kafin a kawo katafila a fara tambaya wa ke zama a nan, wa ke bi ta nan, don akwai wanda ɗan dakalin ƙasa shi ne duk abin da ya rage masa na duniya. Na kuma koyi kada in aje kyakkyawar magana sai mutum ya mutu. Baba ya yi sa'a ya ji tasa da kunnensa, bisa kuskure. Yawancin mutane ba sa samun wannan kuskuren, don haka yanzu in ina ganin kirkin mutum, zuwa nake in same shi inda yake zaune in gaya masa.