Abin da Na Ɓoye Cikin Rawani

Buronmu, wato ofishinmu, a Tamanrasset ɗaki ɗaya ne, tebur biyu. Ɗaya nawa, inda nake cika takardun dowan, wato kwastan, na kamiyo, manyan motocin da ke sauka Agadas da dabino da taliya. Ɗayan na Baba ne, dattijon Agadas, aminin mahaifina, wanda ya ɗauko ni daga Maraɗi ya zaunar da ni kan wannan kujera. Aikinsa kiran direbobi a waya.

To, Baba kunnensa ya yi nauyi. In direba na can garin In Amgel, sai ya ɗaga murya kamar yana son mutumin ya ji shi ko da ba waya. "Kana ina? Na ce kana ina!" Ya fara da Hausa, ya zarce Larabci, in rai ya ɓaci ya juye Tamashak. Wallahi har kofin shayi rawa yake a tebur. Ranar da na rubuta lambar wayar da yake karantowa a gurbin lambar kamiyo, aka dawo da takarda, mota ta kwana biyu a tsaye, na san dole in nemi mafita. Amma wa zai dubi idon aminin ubansa ya ce masa ya rage murya? Gara ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da zan yi, kada dai Baba ya gane shi nake gudu.

Na fara da auduga. Muryar Baba ta ratsa ta kamar ruwa a rariya. Sai wani maƙwabcina a unguwar Tahaggart, mai fasa kankare, ya ba ni aron marufin kunnen da suke sawa a wurin gini, wanda suke kira kaske. Na gwada a gida, na ga bakin matata na motsi, ban ji komai ba. Na ce alhamdulillahi, magani biyu ke nan.

Saura ɓoyewa. Na sayi yadi biyar na farin ƙyalle, maƙwabcin ya koya mini naɗi irin na ƴan gari, na tura kaske a ƙarƙashi. Kaina ya zama kamar tulu. Direbobi suka samu abin yi: "Kai, Bamaraɗe da rawani! Raƙumi kawai ya rage maka." Baba dai ya dube ni, ya ce, "Madalla," ya ci gaba da wayarsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne tabarau. Ni kuwa in ba su, ba na bambance bakwai da ɗaya. Kaske ya danne ƙafafunsu, rawani ya danne kaske, su kuma suka huce a kan naman bayan kunnena. Kafin hantsi kai ya ɗauki ciwo. Na ɗaga ƙafafun sama da kasken, rubutu ya karkace. Na naɗa musu tsumma, ƙara ta sami ƙofar shiga. Cikin mako biyu bayan kunnena ya yi gyambo. Na sayi shiru da jinina, kuma ba halin in ce wash.

Ga kuma alwala. Ba a shafar kunne ta saman kaske, don haka kullum azahar sai in ɗauki buta in zagaya bayan buro ni kaɗai, in warware kayana kamar ɓarawo. Ran nan na ɗora tabarau kan bulo, na wanke fuska, na miƙa hannu, wayam. Na lalube ƙasa, na lalube aljihu. Na mayar da naɗina a gurguje, na yi salla rabin hankalina na wajen bulon, Allah ya yafe mini.

Da na shiga buro ina dafa bango, sai na hangi Baba dishi-dishi, ya sunkuya a kan tebur. Na matsa. Ashe shi ya lallaɓo ya ɗauke tabarauna, ga su a hannunsa, ya kwance ƙafafun biyu, yana ɗinka wata siririyar jar fata mai laushi a gurbinsu. Na manta shi ɗan dukawa ne, da basilla ya tashi. Ya yafito ni, ya yi mini alama in warware rawani. Na warware, kaske ya fito fili. Na cire shi, ban iya ɗaga kai ba.

"Baba, ba wai..."

"Yi shiru, ɗana. Kunnena ne ya mutu, idona na nan. Kullum ina kallonka kana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Ina jira ka faɗa mini, ashe kai ma irin ubanka ne, gara ku mutu da ku yi magana."

Ya ɗaura mini fatar ta ƙeya da hannunsa, ya kauce wa gyambon. Ta kwanta lumui, ba inda take cizo. Kunya ta kama ni, ƙwalla ta cika mini ido, na ce zafin ciwon ne. Rawanin kuwa ya ƙwace, wai naɗina na zubar masa da mutunci a gari.

Sannan ya koma kujerarsa, ya ɗauki waya, ya nemo lambar direba. Bai danna ba. Ya tsaya yana kallona, yana jira in rufe kunnena tukuna.