Gishirin Kawu Naum

Kawu Naum yana da wani ƙaramin cokali da yake sakawa a aljihun gaban rigarsa, wurin da wasu ke maƙala biro. Daga tsakiyar Satumba har ƙarshen Oktoba ba ya fita sai da shi. Lokacin ne hayaƙin gashin tattasai ke lulluɓe unguwarmu, kowane tsakar gida da murhunsa, mata zaune a kan guntayen kujeru suna ɓare baƙin ɓawo da yatsu. Naum zai biyo layi a hankali, hannuwa a baya, ya tsaya a duk gidan da aka ɗora tukunyar aibar, wato miyar gasasshen tattasai mai kauri da ake ɗurawa a kwalba a riƙa ci da burodi. Ba ya jira a kira shi. Sai ya zaro cokalin, ya goge a hannun riga, ya ɗiba, ya hura, ya lumshe ido.

"Gishiri bai ji ba."

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tantance ganyen taba a rumbun da ke kan hanyar garin Strumica. Manomi ya kawo wahalarsa ta shekara guda, Naum ya shafa, ya sunsuna, ya ce wannan na ɗaya ne, wancan na uku. Shi kansa bai taɓa shuka ko tushe ɗaya ba. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, ya dawo gida da agogon da kuma halinsa.

Matarsa Ilinka ce ke yin aibar ɗin gidan, kuma ko masu jin haushinta sun yarda nata ya fi na kowa. Ranar kasuwa tare suke tafiya sayen tattasai. Naum ya latsa wannan, ya ɗaga wancan ya duba a rana, ya nuna buhun da ya yi masa, sannan ya wuce shan gahawa ya bar ta da mai kaya. Buhun da ke isowa gida kuwa, to, buhu ne dai shi ma, ko da ba shi ya nuna ba.

Aikin kwana biyu ne. Ranar farko a gasa, a ɓare ba tare da ruwa ya taɓa tattasan ba, a rataye shi cikin raga ya tsane. Kashegari a niƙa, a zuba a babbar tukunya, a riƙa tuƙawa da doguwar muciya ana ƙara mai kaɗan-kaɗan har awa huɗu ko biyar. Maƙwabciyarsu Blaga, ƙawar Ilinka tun suna 'yan mata, ita ke kama mata. Rabon Naum a aikin shi ne zama ƙarƙashin rumfar inabi da jarida. Sai muciya ta fara barin layi a gindin tukunya Ilinka za ta ɗaga murya.

"Maigida, zo ka ji mana."

Ya zo, ya zaro cokali, ya lumshe ido.

"Gishiri bai ji ba, Ilinka."

"To."

Ta tura hannu cikin tulun gishiri, ta fito da shi a dunƙule, ta kewaya saman tukunyar da shi, ta juya muciya sau uku. Ya sake ɗiba.

"Yawwa. Yanzu ya zama abinci. Da ba na nan fa?"

"Da mun shiga uku, Maigida."

Daidai nan hayaƙi kan shiga maƙogwaron Blaga, ta juya baya tana tari. Kowace shekara haka, a daidai wurin nan. Matan sauran gidajen ma, da sannu, duk sun koyi irin wannan kewaya hannun. Ba a taɓa jin an yi zancensa ba.

Ilinka ta rasu a farkon bazara, bayan gajeriyar jinya. 'Yarsu ɗaya ce, Rumena, tana aure a ƙasar Suwidin. Duk kaka ana aika mata kwalba ashirin ta hannun direban bas, ita kuma in ta zo hutun rani ta dawo da kwalaben a wanke, kamar yadda duk mai mutunci ke yi. Da Satumba ta kama sai ta bugo waya.

"Baba, bana kada ka wahalar da kanka. Akwai na shago a nan."

"Na shago? Ke 'yar waye? Shekara arba'in da ɗaya wa ke gyara tukunyar gidan nan? Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, hannu gare ta, ban hana ta ba. Amma harshen nawa ne."

Abin da yake so bai faɗa ba, amma ba a ɓoye yake ba. So yake yarinyar ta buɗe kwalba a can ƙasar sanyi ta tarar gidansu yana nan yadda ta bar shi.

Ya yi aikin da gaske, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya ƙona yatsu a gashi, ya sha zagi wajen Blaga da ta kama shi zai wanke tattasai a famfo, ya tuƙa har kafaɗarsa ta ƙi ɗaguwa. Blaga ce ta sa gishiri tun da farko, daidai yadda ta saba gani. Da muciya ta bar layi, Naum ya zaro cokali.

"Gishiri bai ji ba."

Blaga ta miƙa hannu wajen tulu, ya tare ta.

"Bari. Bana ni da kaina."

Hannun Naum ba ƙarami ba ne. Ya cika shi taf, ya kewaya tukunyar, ya buɗe. Blaga ta bi fararen ƙwayoyin da ido har suka nutse. Ya juya sau uku, ya ɗanɗana, ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Yawwa," ya ce.

Wannan karon Blaga ba ta yi tari ba.

Bayan an ɗura kwalabe, maƙwabta suka taru kamar kullum don suɗe tukunya da burodi da farin cuku. A wasu shekarun har kokawa ake yi a kan ƙanzon. Ranar kowa ya ci loma ɗaya, ya yaba, ya tambayi inda butar ruwa take. Rumena kuwa da kaya suka isa ta ce, "Sun iso lafiya, Baba. Wannan ko shekara goma ba zai lalace ba." Naum ya ɗauki maganar a matsayin yabo, ya maimaita ta a wurin shan gahawa.

Da rani Rumena ta dawo da kwalba uku kacal.

"Sauran fa?"

"Lallaɓa su muke yi, Baba."

Naum ya jera ukun a kan kanta a ɗakin ajiya. Mutumin da ya yi shekaru yana ba wa kayan wasu maki ba ya buƙatar a fassara masa uku cikin ashirin. Ya yi tunani har ya gano mai laifi: gishirin zamani ne ya fi na da ƙarfi.

Kaka ta sake zagayowa, ganyen inabi ya yi ja ya fara zuba cikin tsakar gida. Suka gasa, suka ɓare, suka tuƙa. Yana cikin tuƙi ya tambayi Blaga wane shago Ilinka ke sayen gishirinta.

"Shagon da kake saye, Sarkin Gishiri."

"To sun sauya kaya."

"Ƙila."

Muciya ta bar layi. Ya ɗanɗana, ya faɗi abin da ya saba faɗa, ya tura hannu cikin tulu ya fito da shi a cike. Blaga tana goge kwalba, ba ta ko ɗago kai ba.

"Naum, ka taɓa kallon hannun Ilinka kuwa?"

"Me zan kalla a hannu?"

"Ni dai na kalla, shekara arba'in. Hannu mai kyau. A dunƙule yake zuwa, a dunƙule yake komawa."

Ya tsaya da hannu a saman tukunyar. Tururi yana dukansa, aibar yana tafasa yana fantsama masa a riga, bai matsa ba. Blaga ta gama kwalba ɗaya, ta ɗauki wata, ta gama ta. Can sai hannun ya motsa, ya kewaya tukunyar a hankali sau ɗaya, ya wuce cikin aljihun wando a dunƙule. Ya juya muciya sau uku, ya ɗiba, ya hura.

"Yawwa. Yanzu ya zama abinci."

Hayaƙi ya shiga maƙogwaron Blaga har da hawaye.

Ranar tukunyar ba ta buƙaci wanki ba. Rumena ta bugo waya, ta ce da ta buɗe kwalbar sai da ta waiga ko Mama na tsaye a bayanta.

"Ai na gaya miki," in ji Naum.

Bai daina yawo da cokalinsa ba, kuma hukuncinsa bai sauya ba ko a gida ɗaya. Sai dai mata sun lura da wani sabon abu. Da ya faɗi maganarsa, matar gida ta nufi tulu, sai ya ɗaga kai ya shiga duba inabin mutane, ya tambaya ko an yi masa feshi, har sai ya ji muciya ta juya sau uku.

Rumena ta roƙe shi ya rubuta mata yadda ake yi, don 'ya'yanta. Ya samo farar takarda ya zauna a teburin ɗakin girki, ya yi rubutun nan nasa mai tsafta na tsohon ma'aikaci. Ya rubuta irin tattasan da za a zaɓa, mai kauri mai gefe biyu. Ya rubuta kada ruwa ya taɓa shi, ya ja layi a ƙasa. Ya rubuta yawan mai da awannin tuƙi da yadda ake gane ya nuna. A layi na gaba ya rubuta "Gishiri", ya ɗiga ɗigo biyu.

Duk sanda Blaga ta shigo da miya sai ta ga takardar tana nan.

"Har yanzu, Sarkin Gishiri?"

"Gobe zan ƙarasa. Abu ne da ke son natsuwa."

Sanyin Fabrairu ne ya tafi da shi. Da Rumena ta zo ta tarar da kwalabenta a jere a ɗakin ajiya, takardar kuma a kan tebur, an danne ta da ƙaramin cokali. Ta kai wa Blaga ta tambaye ta me ya kamata a sa a gaban ɗigon nan biyu. Blaga ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ninke, ta mayar mata.

"Ki zo da Satumba," ta ce. "Ki zo da mijinki."