Shekarar da Baba Bai Ƙona Gonarsa Ba

Bazara a Gaya ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ka shiga ɗaki zufa ta koro ka, ka fito tsakar gida ka tarar ko ganyen giginya ba ya motsi. Kogi ya janye ya bar laka tana wari. Kowace yamma hadari zai taso daga wajen Dahome, ya yi walƙiya, ya yi gurnani, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A wannan lokaci ne manoma ke sassabe, su tara ƙaya da karan bara su banka musu wuta kafin shuka. Garinmu a kwari yake, bakin ruwa. In babu iska, hayaƙin ba ya zuwa ko'ina. Yakan kwanta kan rufin gidaje, ya haɗu da na masu bandar kifi, har wankin da aka shanya ya ɗauki ƙauri.

Shekarar da nake tunawa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko. Ƙanwata Zalika tana da shekara huɗu, kuma da fuka aka haife ta. Kwana biyar ke nan ba ta iya kwanciya, sai dai a jingina ta da jikin mutum, ƙirjinta yana fito kamar an busa kara. An kai ta gidan likita an ba ta siro na tari, aka ce a nisanta ta da hayaƙi. Ina za a kai ta? Baba ya kasa zama. Ya fita ƙofar gida ya dubi sama, ya dawo, ya sake fita. Maƙwabtan gonarsa duk sun ƙona nasu, saura shi, gonar kuma tana dab da bayan unguwarmu. Ya riga ya ce gobe da safe zai sa wuta.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, ƴar Tunuga ce. Da Dandanci ta tashi, Hausa a kasuwa ta koya, don haka tana jan wasu kalmomi yadda babu mai jansu haka a gidan. Bayan an ci tuwo takan zauna gefen murhu, mu kewaye ta, tana tona garwashi da tsinke tana ba mu tatsuniya. Ran nan ba ta tona ba. Ta ɗebi toka ta rufe garwashin har ja kaɗan ya rage, ta karɓi Zalika daga hannun innarmu ta jingina ta a ƙirjinta, tana yi mata fifita da faifai.

"Ku matso, baƙuwa ta iso," in ji ta. Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce ta sauka lafiya.

Ta ce wai an yi wani manomi mai gaggawa da sassabe ya yi masa yawa. Ya je wurin Wuta ya roƙe ta ta yi masa aikin. Wuta ta yarda, ta ce aikin wata guda za ta gama masa shi kafin azahar, amma tana da ɗa mai suna Hayaƙi da ba ta iya aiki da shi a goye. Sai manomi ya ba shi masauki har Iska ta zo ta tafi da shi. Manomi ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Bai tambayi ranar da Iska za ta zo ba.

Wuta ta cinye ƙaya ta yi tafiyarta. Hayaƙi ya bi manomi gida. Ya shiga rumbu ya ce ya yi masa duhu, ya shiga akurki kaji suka kore shi, ya leƙa randa ya ce akwai sanyi. Ya yi ta zagaya gida har ya tarar da autan manomi yana barci baki buɗe, ya ce yauwa, ga ɗaki daidai ni. Manomi ya ruga neman Iska. Ya ƙetare kogi ya same ta tana barci ƙarƙashin wata kuka, ya tashe ta. Nan Kaka ta canja murya, ta ɗaga ta fiye da yadda yara huɗu ke bukata:

"Iska ta ce masa, ni ba a aikena. Ina da ranar tashina. Da wurina ka fara zuwa kafin Wuta, da na gaya maka ka jira."

Sai muka ji muryar Baba daga bayan zana. Ashe tun ɗazu yana tsaye.

"Inna, kowa ya ƙona tasa. In ruwa ya sauka ban share ba, me za mu ci baɗi?"

"Ni tatsuniya nake yi wa jikokina," in ji Kaka, ba ta ko juya ba.

Na matsa mata ta faɗa mini ko autan ya warke. Ta ce baƙuwar ta gaji, ta naɗe tabarmarta, mu ma mu je mu kwanta. Ban taɓa jin ƙarshen labarin ba.

Da safe Baba bai ɗauki ashana ba. Ya ɗauki adda da igiya, ya ce ni da yayata mu bi shi tunda ranar babu lakwal. Kwana shida ana jan ƙaya da hannu ana jibge ta a bakin gona. Innarmu ta shiga, ƙanin Baba ya shiga yana ƙunƙuni. Masu wucewa da jakuna suna tambaya ko wuta ce ta ƙare a gari. Har yau akwai tabon ƙaya a idon sawuna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hayaƙin bai ragu ba. Na gonakin Tanda da na ƙetaren kogi ya ci gaba da kwanciya a kanmu, Zalika ta ci gaba da fito, Baba ya ci gaba da duban sama.

A rana ta bakwai da la'asar iska ta taso, ta kwashe zanan makewayi, ta kifar da kwanonin da aka wanke. Ruwa ya biyo ta kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gida. Kafin magariba Zalika ta kwanta rigingine a karon farko cikin kusan mako biyu, ta yi barci har hantsi. Mun yi shuka a makare da ƴan kwanaki, geronmu kuma bai kai na maƙwabta ba a shekarar.

Na daɗe ina ganin Kaka wahala kawai ta ja mana. Da na zama malamar lakwal na fara koya wa yara yadda iska da damina ke tafiya, sai na ƙara tabbata cewa gona ɗaya ba ta gyara iskar gari. Wata bazara, bayan Kaka ta rasu kuma Zalika ta yi ƴaƴa uku, na zauna da Baba, lokacin ya tsufa, na faɗa masa haka, har da ƴar dariya.

"Na sani tun a ranar," ya ce. "Inna ma ta sani. Amma da na ƙona, kuma yarinyar ta tafi a makon nan, da har yau ina zaune ina tambayar kaina ko hayaƙin gonata ne."

Tun daga ranar na daina auna abin da Kaka ta yi da yawan hayaƙin da ya rage a sama. Ba ta da ikon taso da iska, ba ta da maganin fuka. Ɗanta ne a gabanta yana kai da kawowa, kuma ta hango nauyin da zai iya ɗauka har ƙarshen ransa. Ba ta tsawata masa a gaban ƴaƴansa ba. Ta ba mu labari, ta bar shi ya ji ta bayan zana ya yanke wa kansa.